Princeville: garin 'yantattun bayi da ambaliya ta hana sakat

Hadarin da kan haɗo daga gabas a watan Agusta, ya yi baƙi ƙirin, ya zubar da ruwa a Maiduguri ko Damagaram sannan ya wuce Kano da Katsina ya nausa yamma, ba kullum yake ƙarewa a kan tudu ba. Masana yanayi sun daɗe da gano cewa a tsakiyar damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar, wata igiyar iska takan taso daga gabashin Afirka ta ratsa yankin Sahel ɗauke da hadari, har ta faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. Yawancinsu a can suke bajewa. Amma wadda ta tarar da ruwan teku da zafi, iskar sama kuma ba ta tarwatsa ta ba, sai ta fara juyawa tana tara ƙarfi, kafin a ankara ta zama mahaukaciyar guguwar nan da ake raɗa wa suna. Akasarin manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gabashin Amurka daga nan asalinsu yake. Biyu daga cikinsu, Floyd a 1999 da Matthew a 2016, su ne suka nutsar da wani ƙaramin gari mai suna Princeville sau biyu cikin shekara 17.

Princeville yana gundumar Edgecombe ne, a gabashin jihar Karolina ta Arewa. Ba a bakin teku yake ba, kuma ko a lokacin da ya fi cika, mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Tarihi ne ya sa sunansa ya fi girmansa: ana ɗaukarsa gari mafi daɗewa a Amurka da baƙaƙen fata suka kafa da kansu, hukuma kuma ta yi masa rajista. Wannan tarihin da ake alfahari da shi, shi ne dai ya ajiye garin a inda ruwa ke cin sa. Duk wanda ya ɗauki ambaliyar Princeville a matsayin matsalar sama kawai ba zai gane abin da ke mayar da mutane cikin laka su sake gini ba, ba kuma zai gane yadda aka yi ƙasar da ta fi kowace arziki ta kasa kare mutum dubu biyu ba.

Kogin Tar yana da tsawon sama da kilomita 340. Yana gangarowa daga tuddan tsakiyar jihar, ya bi ta Rocky Mount, ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabas inda gangara ta yi ƙaranci, ruwa ke tafiya a hankali. A daidai nan ya yi lanƙwasa. A gaɓa ɗaya akwai Tarboro, hedikwatar gundumar, wadda Turawa suka kafa a 1760 a kan tudu. A ɗaya gaɓar kuwa fadama ce mai sauro, inda kogin kan kwanta duk sa'ad da ya cika. Gada ce kawai tsakaninsu. Kafin yaƙin basasar Amurka, Edgecombe ƙasar auduga ce, bayi ke nomanta. A ƙidayar 1860 sun haura 10,000, fiye da rabin mutanen gundumar. Kusa da inda Princeville yake a yau akwai wata tashar jiragen ruwa da ake kira Shiloh Landing, inda akan sauke bayi a rarraba su gonaki.

Da yaƙi ya ƙare a 1865, 'yantattun bayi suka baro gonakin iyayengijinsu suka taru a wannan fadama, kusa da sansanin sojojin gwamnatin tarayya, wato na jihohin arewacin ƙasar, don a nan ne suke jin ba mai taɓa su. Akwai wani ɗan tudu a wurin, inda aka ce sojoji sun karanta musu sanarwar 'yanci, shi ya sa zangon ya fara da sunan Freedom Hill, wato tudun 'yanci. Suka kafa bukkoki, daga baya gidajen katako, da coci, da makaranta. A 1885 majalisar jihar ta amince da wurin a matsayin gari mai cin gashin kansa, aka sa masa sunan Turner Prince, wani kafinta da aka haifa cikin bauta, wanda ya sayi fili ya gina gidaje a nan.

Me ya kai su gini a hanyar ruwa? Duk wanda ya ga hoton garin a nutse ita ce tambayar da ke fara zuwa bakinsa, kuma akwai zargi a cikinta. Mutumin da ya fito daga bauta ba shi da ko sisi, ba shi da gona. Alkawarin raba wa 'yantattu ƙasa da aka yi a ƙarshen yaƙi, Shugaba Andrew Johnson ya warware shi tun a cikin 1865. Tudu mai kyau yana hannun waɗanda suka mallake su jiya, ba kuma da niyyar sayar musu ba. Fadamar nan ce kaɗai ba wanda ya damu da ita. Ga masu gonaki da masu manyan gidajen Tarboro ma tsarin ya yi musu daidai: ga leburori da masu wanki da masu dafa abinci a kusa, su ƙetaro gada da safe su koma da yamma, ba tare da sun zama maƙwabta ba. Ruwan sama daga Allah yake, a kan wannan Musulmi da Kirista ba su da saɓani. Amma wa zai kwana a tudu, wa zai kwana a kwari ranar da ruwan zai sauka, wannan mutane ne suka raba, kuma a Edgecombe an raba shi ne bisa launin fata.

Kogin bai yi musu kara ba. An yi manyan ambaliyoyi a 1889, 1919, 1924, 1940 da 1958. Ta watan Yulin 1919 ce ta fi kowace a wancan zamanin: ma'aunin da ke Tarboro ya nuna ƙafa 34, alhali daga ƙafa 19 ake cewa kogin ya fara fita daga gadonsa. Kowane karo a kwashe yara da tsofaffi, a jira ruwa ya janye, a dawo a share laka a ci gaba da zama. Haka aka yi shekara tamanin ba tare da wata kariya ba, kuma dalilin bai ɓuya ba. Bayan juyin mulkin da masu aƙidar fifikon farar fata suka yi a birnin Wilmington a 1898, da gyaran tsarin mulkin jihar na 1900 wanda ya gindaya jarrabawar karatu da haraji kafin a yi zaɓe, baƙaƙen fata suka rasa ƙuri'a kusan baki ɗaya. George Henry White, baƙar fatan da ke wakiltar yankin a majalisar tarayya, mazaunin Tarboro, ya bar kujerarsa a 1901, jihar ba ta sake tura wani baƙar fata can ba sai 1992. Wanda ba shi da ƙuri'a ba shi da mai kai kukansa inda ake raba kuɗin gina jinga. A farkon ƙarni na 20 ma, maimakon a kare garin, yunƙurin soke rajistarsa aka yi.

Sai a shekarun 1960, lokacin da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata ta yi ƙarfi, rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ita ke da alhakin manyan ayyukan ruwa a ƙasar, ta gina wa Princeville jinga ta ƙasa mai tsawon 'yan kilomitoci a gefen kogin. An kammala ta a 1967. An auna tsayinta ne da ambaliyar 1919, aka ƙara 'yan ƙafafu a kai.

Jingar ta yi aiki. Shekara 32 ruwa bai ci garin ba. A wannan tsakanin ne aka ja ruwan famfo, aka shimfiɗa kwalta, garin ya faɗaɗa, mutane suka gina gidajen bulo zaune daram a ƙasa. A nan kuma wani haɗari ya ɓuya, wanda masu nazarin ambaliya suka daɗe suna gargaɗi a kansa. Jinga takan hana ƙananan ambaliyoyi da matsakaita, waɗanda su ne ke tuna wa mutum cewa a gidan ruwa yake zaune. Idan suka daina zuwa, sai a saki jiki. Yaran da aka haifa bayan 1967 sun girma sun yi aure ba su taɓa ganin kogi a ƙofar gida ba. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai mutum ya sayi wata ta daban a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968, kuma kaɗan ne a Princeville suka saya. Mai neman na abinci da ke zaune a bayan jingar da sojoji suka gina, me zai sa ya ƙara wa kansa wani biyan? Sakamakon shi ne ranar da ruwan da ya fi ƙarfin jingar ya zo, ya tarar da mutane da dukiya fiye da na da, da shiri ƙasa da na da.

A farkon Satumban 1999 guguwar Dennis ta yi kwanaki tana kai da kawowa a gaɓar tekun jihar kafin ta shigo, ta jiƙa ƙasa sharkaf, ta cika koguna. Ba a yi mako biyu ba sai ga Floyd. A tsibiran Bahamas ta kai mataki na 4, iskarta na gudun kusan kilomita 250 a sa'a, abin da ya sa aka kwashe mutane sama da miliyan biyu daga gaɓar teku. Amma da ta sauka a Cape Fear da asubahin 16 ga Satumba ta riga ta ragu zuwa mataki na 2, mutane da yawa suka yi ajiyar zuciya. Matakan nan da ake ji a rediyo, daga 1 zuwa 5, ƙarfin iska kawai suke aunawa. Ba su cewa komai game da yawan ruwan da guguwa ke ɗauke da shi, alhali a cikin ƙasa ruwan ne ke kisa. Floyd ta zubar da milimita 380 zuwa 500 a wurare da dama na gabashin jihar, kusan rabin abin da Kano ke samu a damina guda, a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a kan ƙasar da ba ta da sauran wurin shan ko ɗigo.

Guguwa ta wuce, rana ta fito, sama ta yi wasai, kogi kuwa sai ƙaruwa yake. Duk ruwan da ya sauka a sama, a Rocky Mount da ƙauyukan bayanta da kowane rafi, dole ya biyo ta wannan lanƙwasar, kuma kwanaki yake ɗauka kafin ya iso. Mutanen gari suka yi ta jera buhunan yashi har dare, daga baya aka ce kowa ya fita. Ranar 19 ga Satumba ma'aunin Tarboro ya kai ƙafa 41.5, wajen mita 12 da rabi, ƙafa bakwai da rabi sama da na 1919. Ruwa ya haure jingar, ya kuma zago ta ƙarshenta. Da ya shiga, sai garin ya koma kamar ƙwarya: jingar da aka gina don ta hana ruwa shiga ita ce ta hana shi fita. Kwana goma Princeville ya yi a nutse, a wasu unguwannin rufin gidaje kawai ake hangowa.

Abin da mutanen garin suka fi kasa mantawa shi ne maƙabarta. A can ana binne mamaci ne cikin akwati mai rufi, da iska a ciki. Da ƙasa ta jiƙe ta saki, sai akwatunan suka yi ta tasowa suna yawo a kan ruwa tsakanin gidaje da itatuwa. Masu aikin ceto a kwale-kwale sukan kama su su ɗaure a jikin bishiya da igiya don kada kogi ya tafi da su, daga baya aka kawo ƙwararru daga tarayya suka yi ta aikin gano wace gawa ce ta wane gida, aka sake binnewa. Mutum ya rasa gida, ya rasa hotunan iyali da takardu, sannan a kira shi ya zo ya taimaka a gane mahaifiyarsa da ya binne shekarun baya. Ruwan ma ba mai tsabta ba ne. Gabashin Karolina ta Arewa cike yake da manyan gonakin aladu da kaji. Dubban aladu da miliyoyin kaji da talotalo sun mutu, tafkunan kashin dabbobi sun fashe, masai da man fetur da takin zamani duk sun gauraye. Gidan da ya sha irin wannan ruwan kwana goma, ko bangonsa na tsaye, funfuna ta gama da shi. Gidaje sama da 700 suka lalace. Aka kwashe ɗaruruwan iyalai zuwa wani sansanin gidaje masu taya kusa da Rocky Mount, wanda daga baya aka gano an kafa shi ne a kan filin da aka jibge tokar kwal.

Daga nan aka shiga muhawarar da har yau ba ta ƙare ba. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, tana da wani shiri: ta saye gidan da ruwa ya ci a kan farashinsa na kafin ambaliya, a rushe shi, filin ya zama fili har abada, doka ta haramta sake gini a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma injiniyoyin soja suka ce za su gyara jingar, amma ba za su kashe kuɗi a kan garin da aka saye aka watse ba. Sai dai a ɗauki ɗaya. A watan Nuwamban 1999 kansilolin garin suka rabu biyu da biyu, magajiyar gari Delia Perkins ta raba gardama da ƙuri'arta: ba za a sayar ba, a gyara jinga.

An soki wannan hukunci sosai, kuma masu sukar suna da hujja. Akwai iyalan da suka gaji, suna so su karɓi kuɗi su tafi, ƙuri'ar ta toshe musu hanya. Amma a duba lissafin daga inda kansilolin suke zaune. Gida a Princeville ba shi da tsada, saboda a kwari yake, a garin baƙaƙen fata talakawa. Kuɗin da za a biya mai shi ba lallai ya saya masa makamancinsa a tudu ba, wanda ake bin sa bashin banki kuwa banki ne zai fara ɗaukar nasa. Mai haya ba shi da gidan sayarwa balle ya sa rai. Kowane gida da aka rushe kuma ya fita daga jerin masu biyan haraji da kuɗin ruwa har abada, nauyin bututu da tituna ya koma kan 'yan tsirarun da suka rage, har garin ya kasa riƙe kansa a soke shi. Abin da aka kasa yi wa Princeville da takardar koken soke rajista a farkon ƙarni na 20, sai a yi masa da cak. Ga mutanen da kakanninsu suka kasance dukiyar wani, mallakar ƙasa da ikon zaɓen magajin garinsu ba ƙananan abubuwa ba ne. A ganina ƙuri'ar Perkins ba taurin kai ba ce. Ta dogara ne da wani alkawari, kuma alkawarin ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Shugaba Bill Clinton ya ziyarci Tarboro kwanaki kaɗan bayan ambaliyar, a watan Fabrairun 2000 kuma ya sa hannu a kan umarnin kafa kwamiti na musamman kan makomar Princeville. Aka gyara jingar ta koma yadda take, aka ce injiniyoyin soja su yi nazarin yadda za a inganta ta. Nazarin nan bai kammala ba sai 2016.

Jinkirin yana da nasaba da yadda Amurka ke auna cancantar aikin kare ambaliya. Ana lissafa kuɗin aikin a gefe guda, a lissafa darajar dukiyar da zai kare a ɗaya gefen. Idan dukiyar ba ta kai kuɗin ba, da wuya aikin ya samu shiga. A takarda tsarin ba ya nuna bambanci. A aikace kuwa, unguwar attajirai mai gida hamsin tana iya cin wannan jarrabawar, garin talakawa mai gida ɗari bakwai ya faɗi. An tura mutane kwari saboda ba su da komai, zaman kwari ya hana gidajensu yin daraja, sannan a zo a ce gidajen ba su kai a kashe musu kuɗin kariya ba. A wannan ma'aunin ba inda ake rubuta tsohuwar cocin Mount Zion, ko ƙaburburan mutanen da aka haifa bayi suka mutu masu gidan kansu.

Akwai kuma wata magana da ta taimaka wajen sanyaya gwiwa. An yi ta cewa Floyd ambaliya ce ta "shekara 500", mutane da dama suka fahimci cewa su da irinta sai jikokin jikoki. Ma'anar ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin 500 a samu irinta, kuma zuwanta bana ba ya rage yiwuwar zuwanta baɗi. Haka wadda ake kira ta shekara 100: ɗaya cikin ɗari ce kowace shekara, wanda a tsawon shekara 30 ya zama kashi 26 cikin ɗari. Su kansu alƙaluman an ciro su ne daga bayanan da ba su fi na shekara ɗari da 'yan kai ba, daga zamanin da teku bai kai haka zafi ba. Duk ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Celsius yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari. Ga shi kuma birane a saman kogi sun ƙara kwalta da rufin gini, ruwan da da ƙasa ke shanyewa yanzu kai tsaye rafi yake nufa.

A farkon 2016 shirin injiniyoyin ya fito: a tsawaita jingar, a ɗaga wasu hanyoyi, a toshe kafofin da ruwa ke bi, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 21. Ba a kai ga ɗebe ko shebur ɗaya ba sai ga Matthew. Ta kashe mutane sama da 500 a Haiti ranar 4 ga Oktoba, ta iso Karolina ta Kudu ranar 8 ga wata tana mataki na 1, mafi ƙanƙanta. Kogin Tar ya kai ƙafa 36 da ɗoriya. Wannan karon bai haure jingar ba, bai ma buƙaci haka ba. Ya zaga ta inda ta ƙare, ya bi wuraren da hanyar mota ta yi ƙasa, ya kutso ta kwalbatoci, wato ta irin kafofin da shirin ya ce a toshe. Abu ɗaya ya bambanta da 1999: magajin gari Bobbie Jones da jami'an gunduma sun sa an fitar da mutane tun ruwa bai iso ba. Amma yawancin garin ya sake nutsewa, har da gidajen da aka gina sababbi bayan Floyd, waɗanda masu su ba su gama biyan bashinsu ba. Makarantar firamaren garin ba ta sake buɗewa ba sai Janairun 2020.

Bayan Matthew kansiloli sun sassauta, aka bar kowane mai gida ya zaɓa: a saye, a ɗaga gidan a kan ginshiƙai, ko a sake ginawa. Sai wata tsohuwar matsala ta taso, wadda duk wanda ya san rikicin gidan gado zai gane ta. A kudancin Amurka baƙaƙen fata da yawa sun gaji filaye ba tare da wasiyya ko takardar mallaka da sunan mai zama a ciki ba, saboda kakanninsu ba su da hanyar zuwa wurin lauya, ba su kuma yarda da kotunan zamaninsu ba. Gida ɗaya sai ya zama na jikoki da dama da suka warwatsu a jihohi. Mutum ya shekara arba'in a ciki yana biyan haraji, ranar neman agaji a ce ya kawo shaidar gidansa ne. Sai a 2021 FEMA ta sassauta wannan sharaɗin ta fara karɓar wasu shaidun. Ba kuma duk laifin ne daga waje ba: a 2012 hukumar jihar mai sa ido kan kuɗin ƙananan hukumomi ta karɓe ragamar baitulmalin garin saboda rashin iya riƙo. Garin da ma'aikatansa ba su taka kara sun karya ba, shi ake sa ran ya cike tulin takardun neman tallafin tarayya, ya bi su shekara da shekaru.

Ƙidaya ta nuna abin da duk wannan ya haifar. A 2000, ana tsakiyar gudun hijira, an ƙirga mutum 940. A 2010 sun koma 2,082, wato mutane sun dawo da gaske. A 2020 kuwa 1,254 aka samu.

A watan Janairun 2020 aka sanar da ware dala miliyan 39.6 don aikin jingar, aka yi murna. Daga baya sabon lissafin kwamfuta ya nuna cewa idan aka tsawaita ta aka toshe kafofin, ruwan da aka hana shiga Princeville zai ƙara hawa kan wasu, har da ɓangaren Tarboro, sai aikin ya tsaya. A nan ba zan ce injiniyoyin sun yi ƙarya ba. Jinga ba ta rage ruwan kogi, tura shi take yi wani wuri, kuma waɗanda ke wancan wurin su ma mutane ne, da yawansu talakawa. Sai dai wannan binciken ya tona wata gaskiya mai ɗaci: shekara 150 fadamar da Princeville ke kai ita ce rumbun da kogi ke juye rararsa, kuma nutsewar wannan gari tana cikin abin da ke sa maƙwabtansa su kwana a bushe. Idan haka ne, kula da Princeville bashi ne a kan duk wanda ke amfana da wannan tsari, ya wuce a kira shi taimako.

Akwai garuruwan da suka tashi ɗungurungum. Valmeyer a jihar Illinois, mai mutum kimanin 900, ya koma kan tudu 'yan kilomitoci daga tsohon mazauninsa bayan ambaliyar kogin Mississippi ta 1993, cikin 'yan shekaru aka tare. Abin da ya sa ya yiwu shi ne an samu fili a kusa, kuɗi ya zo da wuri, aka tafi tare tun jama'a ba su watse ba. Princeville ya ɗauki wata hanya ta tsakiya. A 2017 gwamnatin jihar ta saya masa eka 53 a wuri mai tudu kusa da garin, don a gina gidaje da ofishin kashe gobara da shaguna, tsohon garin kuma ya ci gaba da riƙe coci da gidan tarihi da maƙabarta da gidajen da aka ɗaga sama, wuraren da suka fi kwari a bar wa ruwa da lambuna. Masana tsara gari daga jami'o'in jihar sun zauna da mazauna sun zana taswirar tare. Wannan ita ce shawara mafi hankali da aka kawo tun 1999, don ba ta tilasta wa kowa ya zaɓi tsakanin ransa da asalinsa ba.

Matsalarta lokaci. An shekara bakwai filin nan yana jiran tituna da bututun ruwa, sai a 2024 FEMA ta amince da kimanin dala miliyan 11 don wannan aikin. Tsofaffin da suka fi kowa son komawa suna ta rasuwa a gidajen haya. Wanda ya yi shekara takwas a Rocky Mount ko Greenville, ya samu aiki, 'ya'yansa sun saba da wata makaranta, nuna masa fili ba zai dawo da shi ba, sai an ba shi gidan da zai iya biya, kuma a ba shi tun kafin ya gama cire rai.